Ruwan Tiga da Bagauda na buƙatar ƙungiyar masu aikin sa-kai

Mutanen Bagwai ba za su manta da yammacin Talata, 30 ga Nuwamban 2021 ba. Ranar ce kwalekwale ya kife a ruwan dam ɗin Watari da ke Bagwai ɗauke da mutanen Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da za su wajen Mauludi. An tabbatar da rasuwar mutum 29. Allah Ya jiƙan su. An ce lodi ne ya yi yawa. Gwamnati ta dakatar da fito a wurin, manya suka zo ta'aziyya, aka watse.

Tambayar da har yau take damuna ita ce: idan jirgi ya kife, wa zai fara kai ɗauki? Wanda ruwa ya ci, mintoci kaɗan gare shi. Kafin 'yan kwana-kwana su taso daga birni, sai dai su zo tsamo gawa. Masu iya ceto su ne waɗanda ke bakin ruwa a lokacin, wato masunta da 'yan fito da samarin ƙauye. Su kuma ba wanda ya tsara su, ba wanda ya ba su kayan aiki.

Tun 1974 aka kammala dam ɗin Tiga, aikin da aka fara a zamanin Audu Bako. Shekara hamsin ke nan muna zaune da wannan makeken ruwa, muna kamun kifi, muna noman rani, muna tsallaka shi zuwa kasuwa da biki. Amma yawancinmu ba mu iya iyo ba. Ni kaina bulala na sha a gida ranar da aka ji na je wanka a rafi, kuma tun daga nan ban sake kusantar ruwa ba. Tsoron iyayenmu yana da dalili, sai dai bai hana yara shiga jirgi ba. Iyon kawai ya hana su koya.

Shawarata ita ce mu kafa kulob ɗin jiragen ruwa na al'umma a Tiga da Bagauda. Na san da an ce kulob, hankali zai tafi ga irin na Legas, wanda aka kafa tun 1932, inda masu hali ke tseren jirage masu tafiya da iska. Ba wannan nake nufi ba. A Ingila akwai ƙananan kulob-kulob a bakin tafkuna waɗanda 'yan ƙungiya ke tafiyar da su da kansu, kowa da ranar aikinsa. Wani ya tuƙa jirgin ceto, wani ya zauna a gaɓa yana sa ido, wani ya gyara jirgin da ke yoyo, wani ya koyar da yara. Ba a fara tsere sai jirgin ceto yana kan ruwa. Babbar ƙungiyar ceto a tekun ƙasar ma, RNLI, wadda aka kafa a 1824, yawancin matuƙanta masu aikin sa-kai ne, kuma da gudummawar jama'a take rayuwa.

Wannan ai aikin gayya ne, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. (Da gangan na guji cewa 'yan sa-kai, don yanzu kalmar ta koma ta masu bindiga.) Muna da 'yan agaji da ke tsayuwa a rana wajen Idi da jana'iza ba tare da albashi ba. Me zai hana a samu 'yan agajin ruwa?

Malaman ma muna da su. Masuncin da ke hawa gora ya shiga tsakiyar ruwa ya fi duk wani mai takardar shaida sanin inda kututture yake da lokacin da iska ke tasowa. Shi da Sarkin Ruwa ya kamata su jagoranta. Ma'aikacin lafiya ya koyar da yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo. Kafinta ya duba katakon jirgi. Malamin makaranta ya riƙe littafin rajista da lissafin rigunan kariya. Mata su koyar da 'yan mata a keɓantaccen wuri, domin su ma fasinjoji ne.

Aikin da ya fi kowanne wuya shi ne na mai tsayuwa a mashigi yana ƙirga masu shiga, ya ce jirgi ya cika, saura su jira sahu na biyu. Hukumar NIWA ta hana lodi fiye da ƙima da tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, amma ba ta da jami'in da za ta ajiye a kowace gaɓa. Saurayi ɗan ƙungiya kuwa ba zai iya hana dattijon da ke sauri shiga jirgi ba, sai idan kowa ya san dagaci da liman ne suka tsayar da shi a wurin. Ɗan fito ma sai an duba masa, don kowane fasinja da aka sauke kuɗinsa ne ya ragu. Gara a ƙara kuɗin fito kaɗan da yardar gari.

Za a ce ana fama da abin kai wa baka, wa ke da lokacin aikin kyauta? Gaskiya ne. Shi ya sa ba kullum ba. A fara da ranakun kasuwa, bukukuwa, Mauludi da Sallah, lokacin da jirage ke cika. Idan mutum talatin suka raba, ba wanda zai wuce yini ɗaya ko biyu a wata.

Abin da nake tsoro ɗaya ne: kada ƙungiyar ta koma rumfar siyasa, a buga riguna da hoton ɗan takara, bayan zaɓe a neme ta a rasa. 'Yan majalisar Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa, in za su taimaka, su sayo rigunan kariya masu girman yara da jirgi ɗaya mai inji, su miƙa a gaban dagaci, a rubuta a littafi, mabuɗin ɗakin ajiya kuma ya zauna a hannun masunta.