GUBAR DA KE KWANCE A GINDIN KUDUDDUFI

Ya 'yan'uwa, a darasin farko na babin tsarki an karantar da mu cewa ruwa yana nan da tsarkinsa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba. Hukunci ne ingantacce a muhallinsa. Sai dai da yawa daga cikinmu sun kai shi inda malaman fiƙihu ba su nufa ba, suka zaci duk ruwan da alwala ta inganta da shi ya dace a sha, a shayar da dabba, a yi ban-ruwan lambu, alhali kuwa dalma da kadmiyam da kuromiyam ba sa jiran su sauya launi ko wari kafin su yi ɓarna a jikin ɗan Adam.

Tushen abin ba ɓoyayye ba ne. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya tare a madatsar Wasai. Na Sharaɗa da Challawa kuwa, musamman na kamfanonin jimar fata masu aiki da gishirin kuromiyam, yana zuba a kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano a kusa da Tamburawa, ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya gangara ta gefen ƙasar Ajingi ya nufi Ringim da Haɗeja.

Abin da ya kamata mutanen Gaya da Ajingi su fahimta shi ne, waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar mushe. Liƙewa suke yi a jikin laka su nutse. Idan kogi ya tumbatsa da damina ya malale fadamu da tafkuna, to in ya janye lakarsa yake bari, bana a kan ta bara. Ruwan sama-sama yana iya yin garau, gubar tana ƙasa a kwance. A cikin wannan lakar tarwaɗa take kiwo. Ita ake haƙa da rani a buga tubali ko a watsa a gona, a kanta ake dasa alayyafo da latas, kuma a cikinta yaranmu suke wasa. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta taɓa ƙarfe. Dalma tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro, kadmiyam yana cin ƙoda da ƙashi, kuma duka a hankali suke aiki, shi ya sa in ciwon ya bayyana sai a ɗora wa iska ko sammu, a nufi gidan boka.

Kududdufan cikin gari da kogi ba ya isa gare su, kada mu ɗora wa masu masana'anta laifinsu. Mu ne ke jefa matattun batura da baƙin mai da shara a ciki. Takin zamani da kashin dabbobi da ruwan kwata su ma suna gangarawa can, su ciyar da gansakuka har ta rufe fuskar ruwa. In ta mutu ta ruɓe sai ta shanye iskar da kifi ke numfashi da ita. Shari'ar da ta hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudana, yaya za ta yarda da batir?

Wanda ke ganin muna zuzuta magana ya tuna Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ba a gane ba sai da kaburbura suka yawaita.

Hukumar NESREA tun 2007 take da hurumin tilasta wa masana'antu tace dagwalonsu kafin su saki, kuma a kanta da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano wannan nauyi yake. Mu kuma abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote tana nan Wudil a ƙofar gidanmu. Muna kira ga Masarautar Gaya da shugabannin ƙananan hukumomin biyu su nemi a ɗebi lakar tafkuna da kududdufai a auna, ba ruwan kawai ba, tun kafin a fara noman rani, a kuma bayyana sakamakon da Hausa a masallatan Juma'a, tafki tafki, kowanne da sunansa.