Mu Daina Cewa "Sanyi Ne"

'Yan uwa, laifinmu ne. Ɗan shekara talatin a Goron Dutse gwiwa ta hana shi zaman tahiya, sai mu ce sanyi ne, mu tura shi kemis ya yi ta haɗiyar diclofenac har ya taɓa masa ƙoda ko ya jawo gyambon ciki. Alhali ga Asibitin Ƙashi na Dala a maƙwabta! In guringuntsi ya fara cinyewa, likita zai fara da rage ƙiba, gashi da atisayen ƙarfafa cinya, kafin a kai ga allura ko tiyatar daidaita ƙashi. Gwiwar ƙarfe kuwa tsufa take yi. Wa ke son a sake yanka shi yana ɗan hamsin?