Raddi ga masu cewa firgici raunin imani ne

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun Jalingo, daga Sintali har Magami, kuma har daga bakin malaman da nake girmamawa ana jin ta. Wai mutumin da gabansa ke faɗuwa haka siddan, numfashi ya sarƙe masa, gumi ya keto, ya ji kamar ajali ya zo, to ko dai imaninsa ne ya yi rauni ko aljanu ne suka shafe shi. Wai asibiti ba abin da zai ba shi sai ƙwaya, zama gaban likita kana zayyana masa abin da ke ranka kuwa al'adar Turawa ce. Ina da ja, Malam, Allah ya gafarta maka.

Ka ce raunin imani ne. Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari don baƙin cikin rabuwa da Yusufu, da Annabi Musa, wanda ya ji tsoro a ransa ranar karawa da matsafan Fir'auna. Wa zai tuhumi imaninsu? A Bukhari muka karanta cewa Manzon Allah (SAW) yakan nemi tsari daga damuwa da baƙin ciki, kuma Nana A'isha takan sa a dama wa masu jimami talbina, domin ta ji daga gare shi cewa tana kwantar da zuciyar majiyyaci. Kunu ne fa aka ba zuciya a matsayin magani. Sannan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya ware wani sashe na littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus ga tsoro da fushi da baƙin ciki da waswasi, ya bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke tasowa daga jiki, ya ce na biyun yana buƙatar magani.

Ka ce aljanu ne. Ba na musun samuwar aljanu. Abin da nake tambaya shi ne hujjar da ta sa aka ɗora musu abin da aka san yadda yake faruwa daki-daki. Allah ya halicci jiki da ƙararrawar haɗari. Idan ta kaɗa, sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sauri. Saurin numfashin nan shi ke rage iskar kabon da ke cikin jini, daga nan jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi kamar kiyashi na tafiya a kansu. Abin yakan kai ƙololuwa cikin kimanin minti 10, sannan ya lafa da kansa. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam David Clark na Ingila ya bayyana abin da ke mai da wannan ya zama cuta: mutum ya ji bugun zuciyarsa, ya fassara shi da mutuwa ko hauka, fassarar ta ƙara tsoro, tsoron ya ƙara bugun.

A nan maganarka ta fi yi min ciwo. Yarinyar da ke tsoron bugun zuciyarta, ka ce mata akwai wani a jikinta da ke shaƙe ta. Ka ba ta fassarar da ta fi wadda ta zo da ita muni. Daga ranar za ta daina shiga babbar kasuwa, ta daina hawa Keke Napep ita kaɗai, ta daina fita bayan magariba. Karatun Alƙur'ani waraka ne, ban yi jayayya ba. Amma kulle mai neman iska a ɗaki ana banka masa hayaƙi, ko dukansa da sunan dukan aljani, wannan a wane babi aka karanta shi? 'Yan'uwanmu Kirista ma suna da irin wannan a wasu gidajen addu'a. Kuma kada a manta yankin da muke ciki: bom ya tashi a ayarin kwamishinan 'yan sanda a 30 ga Afrilu 2012, wasu suka tashi a Iware da Nukkai a Afrilun 2022, ga masu garkuwa da ke balle ƙofa da tsakar dare. Wanda ya ga waɗannan, ba sai an nemo masa aljani ba.

Ka ce ƙwaya ce. A nan kana da rabin gaskiya, kuma rabin mai nauyi ne. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da gwamnati a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, kuma a shekarar aka haramta maganin tari mai kodin. Diazepam da Lexotan, waɗanda wasu masu kemis ke miƙa wa duk wanda ya ce ba ya barci, suna kama jiki, barinsu farat ɗaya ma na iya jawo jijjiga. Sai dai ba su ne ginshiƙin maganin wannan cuta ba. Likita yakan rubuta irin su sertraline ko fluoxetine, waɗanda ba sa bugarwa, ba kuma wanda ke saye don maye, domin sai sun yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsu. Su ma ba a yanke su kwatsam, likita ne ke rage su sannu a hankali. Hana mutane zuwa asibiti shi ke tura su kemis, wurin ainihin ƙwayar da kake tsoro.

Zama da likita kuwa koyarwa ce. A nuna wa majiyyaci yadda zai sassauta numfashi, a sa shi ya gwada zatonsa na cewa zai faɗi ya mutu, a raka shi mataki-mataki ya koma wuraren da ya ƙaurace wa. Al-Balkhi ya yi maganar tanadar tunani mai kyau don ranar buƙata shekaru dubu kafin likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka ya zo da irin wannan koyarwa. Sirri kuma amana ne a wuyan likita.

Abin da ya kamata mu haɗa murya a kai shi ne ƙarancin masu aikin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba ga mutum sama da miliyan 200, babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Arewa maso Gabas yana can Maiduguri, kuma sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro, ba su ci juna ba. Idan aka kawo maka irin wannan yaro, Malam, ka yi masa tofi, sannan ka haɗa shi da ɗan'uwansa su je Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, a auna jininsa da zuciyarsa, a duba maƙoƙo, a tambaye shi yawan goro da shayin da yake sha.