Haɗin Babbar Wayar Lantarki Ba Aikin Kowa Ba Ne

Malamai da attajirai, ga wata magana wadda ta shafi aljihun kowa, ko da ya ke ba a cika tada ta a zaure ba.

Sau da yawa idan taransifoma ta ƙone a unguwa ko a kasuwa, jama'a kuma suka gaji da jira, sai a yi karo-karo. Attajiri ya ba da nasa, mai shago da mai injin niƙa kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. A sayo taransifoma, a sayo babbar wayar nan da a ke kira kebul, a yi ta ciniki har a gaji. Amma in aka zo kan wanda zai haɗa wayar, sai a ce a nemo kowane yaro mai gyaran wuta, muddin zai yi rangwame ya kuma gama kafin magariba. To, nan kuskuren ya ke, kuma kuskure ne mai tsada.

Wutar da ke shiga ɗaki ƙarfinta bolt 230 ne, bisa ma'aunin da a ke auna ta da shi. Wadda a ke rarrabawa cikin gari zuwa taransifoma bolt 11,000 ce, ko 33,000. Wanda ya iya ɗaura fitila da fanka ya san ta farkon, amma ta biyun wata halitta ce dabam, hukuncinta ma dabam.

Mai karatu ya dubi yadda kebul ya ke in an yanka shi. A tsakiya akwai jan ƙarfe ko alminiyam, shi ne hanyar wutar. An naɗe shi da wani siririn baƙin ɓawo, sa'an nan farar roba mai tauri wadda ke tsare wutar kada ta fita. Kaurin robar nan a wayar bolt 11,000 bai kai milimita 4 ba, a ta 33,000 kuwa milimita 8 ne. Watau abin da ke tsakanin mutum da ajali bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Bayan farar roba akwai wani baƙin ɓawon kuma, da zaren tagulla wanda a ke haɗawa da ƙasa, sa'an nan sulken ƙarfe da rigar waje. A masana'anta inji ne ke jera waɗannan duka, cikin ɗaki mai tsabta, babu ƙura babu raɓa. Amma waya ba ta zuwa da tsawo marar iyaka. A kan gangar katako a ke naɗo ta, in ta ƙare tilas a ɗaura wata, ga shi kuma kowace waya tana da baki biyu da za a ɗaura a jikin na'ura. A waɗannan wurare abin da inji ya yi a masana'anta, hannun mutum ne zai sake yinsa, a cikin rami, cikin ƙurar hunturu ko laimar damina. Shi ya sa masu aikin lantarki ko'ina suka yarda a kan cewa galibin ɓarnar kebul a wajen haɗi ta ke aukuwa, kamar yadda igiyar guga ta fi tsinkewa a wajen ƙulli.

Dalilin kuwa shi ne, muddin baƙin ɓawon waje yana nan, ƙarfin wutar yana bazuwa daidai wa daida kewaye da roba. Da zarar an fere shi domin a yi haɗi, sai ƙarfin ya taru a daidai bakin yankan, kamar yadda ayari ke cinkushewa a ƙofar gari. Saboda haka a ke sa wani bututu na musamman, ko wata roba mai siffar mazurari, domin ta watsa cinkoson. In aka saka shi ya goce daga inda takardar ma'aunin ta ce, ko da kaɗan ne, aikin ya ɓaci. In wuƙa ta ɗan karci farar roba, ko aka bar ɗigon baƙin ɓawo a kanta, ko gumin hannu, ko wani ɗan gurbin iska wanda ido ba ya gani, duk ɗaya ne. Iska ba ta jure abin da ya wuce kamar bolt 3,000 a kowace milimita, roba kuwa ta fi ta juriya nesa ba kusa ba. Sai ƙananan tartsatsi su riƙa tashi cikin gurbin nan dare da rana, suna cin robar sannu a hankali, suna yin rassa kamar saiwar itace, har ranar da za su huda ta. Ruwa ma haka ya ke yi in ya sami kafa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya sa al'amarin ke yaudarar mutane shi ne mugun haɗi ba ya nuna kansa ran da aka yi shi. A kunna wuta, fitilu su kama, a yi murna, a sallami yaro. Sai bayan wata shida ko shekara biyu a ji ƙara kamar aradu, unguwa ta yi duhu, kifi da nama su ruɓe a firiji, masu walda da teloli su zauna. A lokacin nan an manta da wanda ya yi aikin, sai a ce tsautsayi ne. Alhali tsautsayin tun ran da aka yi cinikin aka saye shi.

Kada a ce laifin haɗi ne shi kansa. A birnin Landan, wajen shekarar 1891, wani injiniya mai suna Ferranti ya shimfiɗa wayar bolt 10,000 daga tashar Deptford zuwa cikin gari. Da takarda da kakin aka naɗe ta, guntu-guntu kuma aka ƙera ta, kowane guntu ƙafa 20, har aka yi haɗi dubbai. Wani sashinta bai daina aiki ba sai a 1933. Masu haɗin zamanin da ya biyo baya, lokacin wayar takarda mai jiƙe da mai, da hannu su ke naɗa takarda falle-falle, su narka darma su shafe bakin, shekaru kuma su ke yi suna koyo kafin a sake musu aiki. Tun daga shekarun 1960 farar roba ta fara maye gurbin takarda, aka kuma fito da bututun da ke tsukewa in an gasa shi da wutar gas, da wanda ke tsukewa da kansa in an zare abin da ya tokare shi. Aiki ya yi sauƙi, babu musu. Sai dai sauƙin nan ne ya sa duk wanda ya ga an yi sau ɗaya ya ke zaton ya iya.

Garin da ya yi sakaci da wayoyinsa na ƙarƙashin ƙasa kuwa, ko a ƙasar Turawa ya ke, ba ya tsira. A farkon 1998 manyan wayoyi huɗu na bolt 110,000 da ke kai wuta tsakiyar birnin Okland, a ƙasar Niyuzilan, suka mutu ɗaya bayan ɗaya cikin tsananin zafi. Mako biyar cibiyar cinikin birnin ta yi ba ta da isasshiyar wuta, kantuna da ofisoshi suka rufe ko suka ƙaura. Da gwamnati ta bincika, sai ta ɗora laifi a kan rashin kula da wayoyin yadda ya kamata.

Wani zai ce ƙwararren mai haɗi yana da tsada, jama'a kuwa sun riga sun tatse aljihu. Gaskiya ne yana da tsada. Amma a gwada ladansa da kuɗin taransifoma da na kebul, a kuma gwada da cinikin da za a rasa cikin mako guda na duhu, sa'an nan a faɗi wanne ne arahar. Akwai kuma batun rai. Babbar waya tana riƙe ragowar wuta ko bayan an kashe ta, sai an sauke ragowar nan zuwa ƙasa. In kuma wayoyi da yawa ne a rami guda, ƙwararre ba ya yanka sai ya tabbata wadda ke gabansa ita ce matacciyar. Yaron da ba a koya masa wannan ba, tura shi ramin zalunci ne a gare shi da iyayensa.

Malamai sun san ba a karɓar karatu daga wanda bai zauna gaban malami ya sami izini ba. Haka ya kamata a yi wa mai haɗin waya: a tambaye shi wurin wa ya koya, ina takardar shaidarsa, ina kuma aikinsa na baya wanda ya shekara uku bai fashe ba. Wuraren koyo suna nan, gama tun 2009 gwamnati ta kafa cibiyar NAPTIN domin horad da ma'aikatan lantarki, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba aiki tana ba masu sana'ar shaida. Kamfanin rarraba wuta na yankin ma wajibi ne ya san da aikin, tun da a kan layinsa za a ɗora.

Attajirin da ke sayad da kayan haɗi shi ma da nasa nauyin. Kowane akwati an yi shi ne domin ƙarfi kaza da kaurin waya kaza, yana kuma da wa'adin da ba a so ya wuce a kanti. Wanda ya miƙa wa mai saye na bolt 11,000 a madadin na 33,000, ko na jabu wanda babu takardar ma'auni a ciki, ya yi algus ko da mai sayen bai gane ba. Kwamitin unguwa kuma ya kafa wa mai haɗi rumfa a kan ramin, kada a matsa masa da cewa dare ya yi, kada kuma a yarda a mai da ƙasa sai an gwada wayar da na'urar gwaji a gaban shaidu, an rubuta sunansa da ranar aikin da daidai wurin haɗin cikin littafin kwamiti.