Sanin Makamar Aiki Kafin Makarantar Lauyoyi: Riba Ko Asara?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata magana da ta taso a gidanmu. 'Yar yayata ta gama digirinta na shari'a bayan shekara 5 tana fama, yanzu jiran shiga Makarantar Horas da Lauyoyi take yi. Rannan sai ga ta da murna, wai wani babban ofishin lauyoyi a Abuja ya yarda ta je sanin makamar aiki na wata 6, amma ba albashi. Ta ce, "Kawu, kuɗin haya da na mota kawai za ku haɗa mini." Mahaifiyarta har ta fara zancen sayar da 'yan kunnenta na gwal.

Ni dai cewa na yi ban yarda ba, kuma ga dalilaina.

Da farko, wannan ɗoki daga intanet yaranmu suka kwaso shi. A Amurka sai mutum ya gama wani digirin sannan yake neman makarantar lauya, ana duba makinsa da jarrabawar shiga da bayanin da ya rubuta a kan kansa, shi ya sa suke neman abin da za su ƙawata takarda da shi. Mu nan ba haka tsarin yake ba. Makarantar da aka kafa da dokar 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda, digirinka daga tsangayar da aka amince da ita take dubawa, da kuma guraben da aka ware wa jami'arku. Zaman wata 6 a Abuja ba zai ƙara mata gurbi ba.

Na biyu, ita kanta makarantar tana tura ɗalibanta kotu da ofisoshin lauyoyi, kuma dole ne. Bayan an rantsar da mutum ga shekarar bautar ƙasa, wadda da yawa a ofishin lauya ko Ma'aikatar Shari'a suke yin ta. To gaggawar mece ce?

Na uku, hidimar da ke gaba ba ƙarama ba ce: kuɗin makaranta, littattafai, baƙaƙen kaya, hular gashi da rigar lauya. In an sayar da gwal yau, me za a sayar gobe?

Kada mai karatu ya ɗauka na raina koyon aiki. Ko kusa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya taɓa ganin yadda ake shigar da ƙara da yadda ake yi wa shaida tambayoyi ba zai yi daidai da wanda ya tsaya ga littafi ba. Amma ba sai an je Abuja ba. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa, a Kano ga Babbar Kotu nan a Sakatariyar Audu Bako. Ƙaramin ofishi mai lauya biyu ko uku zai ba ta fayil ta riƙe, ta bi maigidan kotu, ta dawo gida ta ci tuwon uwarta. A babban ofishi kuwa, mai yiwuwa ta ƙare a gaban injin hoton takardu.

Shawarar da na ba ta ke nan, har yanzu tana ɗan fushi da ni. Na gwammace fushinta na yau da a kira ta Bagauda babu kuɗin rajista.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu jagora, amin. Wassalam.