Kuɗin Wuta: Mu San Abin Da Doka Ta Ce

Jama'a, Hausawa na cewa rashin sani ya fi dare duhu. Tun zamanin NEPA, da yawa daga cikin magidantanmu a Kafanchan, Zonkwa da Kachiya, abin da aka rubuto masu a takardar kuɗin wuta shi suke biya ba tambaya, wai don gudun fitina. To, ya kamata mu sani cewa doka ta sa iyaka.

Dokar gyaran harkar lantarki ta 2005 ce ta kafa hukumar NERC, kuma dokar 2023 da ta maye gurbinta ta bar wa hukumar ikonta. A Fabrairun 2016 NERC ta soke tsayayyen kuɗin nan da ake karɓa duk wata, ko an kawo wuta ko ba a kawo ba. A Fabrairun 2020 kuma ta ƙayyade abin da za a iya ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita. Da kamfanonin rarraba wuta 11 suka ƙetare wannan iyaka a 2023, hukumar ta ci su tarar naira biliyan 10.5 a 2024, ta kuma umarce su su mayar wa jama'a rarar da suka caje su.

Haka nan hukumar ta sha bayyana cewa sayen taransifoma, turaku da wayoyi nauyin kamfani ne. Amma sau nawa muka yi karo-karo a unguwa, har da zawarawa da masu ƙananan sana'o'i, ba tare da ko rasit ba?

Wasu za su ce kamfani ma yana da kuka, domin akwai masu satar wuta da masu ƙin biya. Gaskiya ne, kuma ba mu goyon bayan haka. Mu biya abin da muka sha, amma kada mu ƙara ko kwabo a kai.

Wannan haƙƙi na duk mai biyan kuɗin wuta ne, ba a tambayar takardar shaidar asali kafin a saurari kokensa. Saboda haka mu adana takardunmu da rasit, mu kai koke a rubuce ofishin kamfani, in ba a share mana hawaye ba mu garzaya ofishin sauraron koke na NERC a Kaduna. Mu tafi tare da maƙwabtanmu Fantswam, Bajju da Kaninkon, tunda taransifoma ɗaya ke ba mu wuta, ranar da ta lalace kuma tare muke kwana a duhu.

Allah ya sa mu dace, amin.