Waiwaye: Daga Uke Zuwa Ramukan Kuza na Bukuru

Uke gari ne a bakin titin Abuja zuwa Keffi, cikin ƙaramar hukumar Karu ta jihar Nasarawa. Matafiya sun fi saninsa da kifin da ake sayarwa a bakin hanya, amma a shekarun nan wani abu ya fi kifi tashe a yankin, wato zinare. Samari na shiga daji da diga da shebur, wasu daga nesa suka zo, kowa da fatan ranarsa ta zo. Duk lokacin da na ji ana wannan hira sai wata tafiya ta faɗo mini a rai, wadda ni da ƙanena muka yi a kan babur ɗinsa Bajaj daga Uke zuwa Bukuru, shekarun baya.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Keffi ba nisa. A Garaku ƙusa ta huda tayar baya, mai faci ya liƙe tub ɗin kafin mu gama shan shayi, muka wuce Akwanga, muka karkata arewa ta Gwantu da Fadan Karshi. Babbar jarrabawa tana Hawan Kibo, inda hanya ke naɗe tsauni tana hawa tudun Filato. Mutum biyu ga jaka, babur ya fara kuka ba ya ja. A ba shi wuta, ƙara ta ƙaru, gudu ya ragu, ga wani ƙauri yana tasowa daga injin. Da ƙafa muka ƙarasa wani ɓangare na hawan muna turawa, tireloli na nishi suna wuce mu.

A saman tudun muka sami bakanike a gindin bishiya da yaransa biyu. Bai tambaye mu komai ba sai da ya murza hannun babur ɗin ya saurara. Ya ce, "Malam, filet ɗin kuloc ne suka cinye." Ya juye baƙin mai a wani tsohon galan da aka yanke, ya kwance murfin injin, ya jera kusoshin a kan kwali bi da bi yadda ya cire su. Filet ɗin da ya zaro sun yi baƙi ƙirin, sun yi sumul. Ya aiki yaro ya sayo sababbi, ya jiƙa su a cikin mai na ɗan lokaci kafin ya ɗaura, ya ce in an sa su a bushe ba za su kai mu gida ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan ya gama. Ya ƙirga kusoshi, ya share inda mai ya ɗiga, ya hau ya zaga da kansa, sannan ya karɓi kuɗi. Ya ce wa ƙanena, "Wanda ya kwance shi ke da alhakin ɗaurewa."

Da la'asar muka wuce duwatsun Riyom cikin sanyi mai ratsa riga. Saboda dokar hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, muka ajiye babur a gidan da muka sauka. Washegari mai masaukinmu ya haɗa mu da wani dattijo, Bakatsine a asali amma haifaffen barikin kuza, ya zaga da mu wajen Sabon Gidan Kanar.

Idan ba a gaya maka ba, ka ce tafkunan Allah ne. Ruwa kore shar, kwance, kewaye da tuddan jar ƙasa da ba ta fid da komai sai ciyawa da itacen turare. Na ce, "Baba, wannan ruwan daga ina?" Ya ce, "Ɗana, rami ne. Injin ne ya haƙa, da hannun iyayenmu." A gefe wasu mata na wanke tsohon yashin da kamfani ya zubar, suna juya kwano a cikin ruwa har sai ɗan baƙin garin kuza ya kwanta a ƙasa. Yinin ranar kaf, abin da ɗayarsu ta tara bai cika gwangwanin madara ba. Ya ce kusan kowace unguwa tana da labarin yaro ko saniya da ruwan nan ya ci, don bakin ramin a tsaye yake, ba gangare.

Ba Turawa ne suka gano kuza ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Riruwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma suna narka ta, fatake na kai dalma kasuwanni. Bin sawun wannan dalma ne ya kawo ma'aikatan Kamfanin Neja tudun nan a 1902, sai Kanar Laws ya biyo baya ya kafa sansani a Naraguta. Ba a daɗe ba sana'ar narkawa ta gida ta mutu, kamfanoni suka raba ƙasar Birom a takarda. An shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi ta Kafanchan ya iso Jos a 1927, aka kafa tashar lantarki a Kurra domin injunan haƙa. A 1939 manyan kamfanonin suka haɗe suka zama kamfani ɗaya, ATMN. Barikin Ladi, Bisichi, Dorowa, duk garuruwan lebura ne, kuma ta nan ne Hausawa, Ibo, Yarabawa da Barebari suka cika tudun.

Mahaifin dattijon nan ɗiban gwamna, wato aikin tilas, ne ya kawo shi. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta ana tsakar yaƙi, sai aka ɗora wa hukumomin En'e su kawo maza. Daga 1942 zuwa 1944 an kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, mutanen ƙasar zafi, aka zuba su cikin sanyin Filato da ƙarancin abinci da sutura. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 kuzar da aka haƙo ta kai ƙololuwa, ta haura tan 17,000. Ina ganin wannan babi ya kamata kowane ɗan makarantar Arewa ya san shi kamar yadda ya san yaƙin Burmi, amma da wuya ka ji ana ambatonsa.

Daga nan sai gangara. Kuzar sama ta ƙare, ta ƙasa ta yi tsada, kamfanonin waje suka fara janye jiki, sannan kasuwar kuza ta duniya ta rushe a 1985. Aka bar injuna suna tsatsa, aka bar ɗaruruwan ramuka a buɗe. Adalci ne a faɗi cewa mutanen wurin sun ci moriyar abin da aka bar musu: da ruwan ramukan nan ake noman rani, kabeji da karas da tumatir da dankalin Turawa da ke cika kasuwannin Abuja. Amma wannan dabarar talaka ce, ba kyautar kamfani ba. Gonar da aka juye cikinta waje ba ta dawo ba.

Abin da ya dame ni ke nan game da Uke. Bakaniken Hawan Kibo ba ya karɓar kuɗi sai ya ɗaure abin da ya kwance, amma mai haƙa yakan kwashe nasa ya bar ramin ga masu gari. Kuma zinare ya fi kuza sharri ta wani fannin, don ana wanke shi da sinadarin makuri, wani dutsen kuma yana ɗauke da gubar dalma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana daka dutsen zinare a cikin gidaje. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisin haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, kuma ya gyara ƙasa bayan ya gama. Doka tana nan, masu tambayarta ne suka yi ƙaranci.

Ba na cewa a hana samari neman abinci, yunwa ce ta tura su dajin. Roƙona ga masu sarautar Uke da hukumar Karu da gwamnatin Nasarawa shi ne, kada a bar kowa, baƙo ko ɗan gida, ya sa diga a sabon wuri sai an rubuta wanda zai cike ramin da inda za a yi wanki nesa da rafin da ake sha. A hana kai dutse cikin gida ana dakawa. Masu unguwanni kuma su haɗa kuɗin mota su je Bukuru su gani da idonsu, tafiyar yini ɗaya ce.